Jules Verne

Jules Gabriel Verne (8 ga Fabrairu, 1828 – 24 ga Maris, 1905) marubuci ne ɗan ƙasar Faransa wanda ya yi fice wajen rubuta ƙagaggun labaran tafiye-tafiye da na kimiyya. Ya kuma rubuta wasannin kwaikwayo da waƙoƙi da gajerun labarai. An fi saninsa da jerin littattafan da ake kira Voyages extraordinaires, wato tafiye-tafiyen ban al'ajabi, waɗanda 54 daga cikinsu suka fito tsakanin 1863 da 1905. A cikinsu akwai labarin tafiya zuwa tsakiyar ƙasa, da na harba mutane zuwa wata, da na Kyaftin Nemo da jirginsa mai tafiya a ƙarƙashin teku, da na zagaya duniya cikin kwana 80.

Ana lissafa Verne tare da Mary Shelley da H. G. Wells cikin waɗanda suka kafa harsashin ƙagaggun labaran kimiyya. A kundin fassarori na hukumar UNESCO, shi ne na biyu cikin marubutan da aka fi fassara ayyukansu a duniya, bayan Agatha Christie. Duk da haka, an daɗe ana yi masa kallon marubucin yara kawai, musamman a ƙasashen da ake magana da Ingilishi, inda aka san shi ta hanyar fassarorin da aka datse aka kuma sauya. Sai a rabi na biyu na ƙarni na 20 masana adabi suka koma ga ainihin rubutunsa na Faransanci.

Asali da ƙuruciya

An haifi Verne a birnin Nantes da ke yammacin Faransa, a wani tsibiri mai suna Feydeau wanda a lokacin yake tsakiyar kogin Loire. Mahaifinsa, Pierre Verne, lauya ne. Mahaifiyarsa, Sophie Allotte de la Fuÿe, ta fito daga gidan matuƙa jiragen ruwa da masu mallakarsu. Jules ne ɗan fari. Yana da ƙane, Paul, wanda aka haifa a 1829, da ƙanne mata uku: Anna da Mathilde da Marie. Paul ya zama hafsan jirgin ruwa, kuma shi ne ya fi kowa kusanci da yayan nasa har ƙarshen rayuwarsa.

Nantes babbar tashar jiragen ruwa ce, saboda haka yaron ya tashi yana ganin jiragen fatake suna shige da fice. Iyalin suna da gida a Chantenay, a wajen gari, inda ake hango kogin. Ya yi karatu a makarantun Katolika, daga nan ya shiga babbar makarantar sakandare ta Nantes, ya samu shaidar kammalawa a 1846. Tun yana yaro yake son labarin Robinson Crusoe da makamantansa, na mutanen da jirgi ya fashe da su suka rayu a tsibiri.

Akwai wani labari da ya yaɗu cewa yana ɗan shekara 11 ya gudu daga gida ya shiga wani jirgi mai zuwa Indiya a matsayin yaron jirgi, mahaifinsa ya cim masa a Paimbœuf ya dawo da shi. Labarin ya fito ne daga littafin tarihinsa da wata 'yar danginsa, Marguerite Allotte de la Fuÿe, ta rubuta bayan mutuwarsa, kuma masu bincike na baya sun nuna cewa ƙari ne.

Karatun lauya da zaman Paris

Burin Pierre Verne shi ne ɗansa na fari ya gaje shi a ofishin lauya. Ya tura shi Paris a 1847 domin jarrabawar shekarar farko ta karatun shari'a, sannan a 1848, shekarar da juyin juya hali ya kawar da Sarki Louis-Philippe, Jules ya koma birnin da zama. Ya ci gaba da karatun har ya samu digiri a 1851, amma hankalinsa yana kan adabi. Yana karanta Victor Hugo, yana rubuta wasannin kwaikwayo, yana halartar majalisun marubuta. A nan ya san Alexandre Dumas da ɗansa. Da taimakonsu aka nuna wasansa na barkwanci mai suna Les Pailles rompues a gidan wasan Théâtre Historique ranar 12 ga Yuni, 1850.

A 1851 ya fara buga gajerun labarai a mujallar Musée des familles, wadda wani mutumin yankinsu, Pitre-Chevalier, yake shugabanta. Mujallar tana son labaran da za su nishaɗantar su kuma ilimantar, abin da ya dace da halin Verne. Ya riƙa shafe sa'o'i a babban ɗakin karatu na ƙasa yana kwafar bayanai kan labarin ƙasa da kimiyya da rahotannin matafiya. Wannan ɗabi'a ta tara bayanai a ƙananan takardu ta bi shi har tsufa. A wannan lokaci ne ya yi abota da Jacques Arago, wani matafiyi da ya zagaya duniya wanda bai daina tafiya ba ko bayan ya makance.

A farkon 1852 mahaifinsa ya yi masa tayin ofishinsa na Nantes gaba ɗaya. Jules ya ƙi karɓa. Ya zaɓi aikin sakatare a gidan wasan Théâtre Lyrique, aikin da ba shi da wani albashin kirki, amma ya ba shi damar a nuna wasannin waƙa da ya rubuta tare da abokinsa makaɗi Aristide Hignard. Shekarun sun zo masa da ƙunci. Kuɗi ba sa isarsa, yana fama da ciwon ciki, kuma a lokacin ne ya fara samun shanyewar ɓarin fuska, wadda ta dawo masa sau da dama daga baya.

Aure da kasuwar hannun jari

A watan Mayun 1856 Verne ya je birnin Amiens bikin wani abokinsa. A can ya ga yayar amarya, Honorine de Viane Morel, mai shekara 26, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Domin ya samu abin riƙe iyali, sai ya roƙi mahaifinsa kuɗi ya sayi gurbi a wani kamfanin dillancin hannun jari a Paris. An ɗaura aurensu ranar 10 ga Janairu, 1857.

Bai bar rubutu ba. Yakan tashi da asuba ya yi rubutu na wasu sa'o'i kafin ya tafi kasuwar hannun jari. A 1859 ya yi tafiyarsa ta farko zuwa ƙasar waje, shi da Hignard, zuwa Ingila da Scotland. A 1861 suka je ƙasashen arewacin Turai. Yana wannan tafiya aka haifi ɗansa tilo, Michel, ranar 3 ga Agusta, 1861.

Haɗuwa da Hetzel

A 1862 Verne ya kai wa mai buga littattafai Pierre-Jules Hetzel rubutun wani labari na tafiya a balan-balan. Hetzel ya riga ya buga ayyukan Balzac da Victor Hugo da George Sand, kuma yana shirin fito da mujallar iyali wadda za ta koya wa yara kimiyya ta hanyar labari. Ya karɓi rubutun, ya nemi a yi gyare-gyare, littafin ya fito ranar 31 ga Janairu, 1863 da sunan Cinq semaines en ballon, wato mako biyar a balan-balan.

Labarin na wasu Turawan Birtaniya uku ne, Dakta Samuel Fergusson da abokinsa maharbi Dick Kennedy da baransa Joe, waɗanda suka tashi daga Zanzibar suka ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma har Senegal. Balan-balan ɗin, mai suna Victoria, yana da na'urar ɗumama iskar da ke cikinsa, ta yadda zai hau ko ya sauko ba tare da an zubar da iskar ba. A kan hanya suka wuce tafkin da kogin Nilu yake fitowa, suka bi ta saman kogin Binuwai da Yola, da Tafkin Chadi da Kukawa, hedikwatar Borno a lokacin, sannan kusa da Agadas, da Gao da Tumbutu. A ƙarshen labarin mayaƙan Alhaji Umar Tal ne suka biyo su har bakin kogin Senegal.

Verne bai taɓa taka waɗannan wurare ba. Ya ɗebo bayanansa daga littattafan matafiya irin su Richard Burton da John Speke, da Heinrich Barth, Bajamushen da ya zagaya Agadas da Katsina da Kano da Kukawa da Yola da Sakkwato da Tumbutu tsakanin 1850 da 1855. Littafin ya kuma ɗauko raini da ƙyamar da Turawan zamanin suke yi wa baƙar fata, yana nuna yawancin mutanen Afirka a matsayin jahilai ko mugaye. Masu nazari na yau suna kafa misali da shi wajen nuna yadda adabin Turai ya share fage wa mulkin mallaka.

Littafin ya karɓu sosai. Hetzel ya ƙulla yarjejeniya ta dogon lokaci da Verne, inda zai riƙa kawo juzu'i uku a shekara a kan kuɗi ƙayyadadde, daga baya aka rage zuwa biyu. Yawancin labaran sukan fara fitowa kashi-kashi a mujallar Hetzel, Magasin d'Éducation et de Récréation, wadda aka fara bugawa a 1864, kafin a haɗa su littafi mai zane-zane da bango mai ado, wanda iyaye suke saya wa yara kyautar ƙarshen shekara. Manufar jerin, kamar yadda Hetzel ya tsara, ita ce a tattaro ilimin zamanin na labarin ƙasa da duwatsu da taurari da sauran fannoni a ba da shi cikin labari mai daɗi. Da haka Verne ya bar kasuwar hannun jari.

Manyan littattafansa

Voyage au centre de la Terre, tafiya zuwa tsakiyar ƙasa, ya fito a 1864. Farfesa Otto Lidenbrock na Hamburg da ɗan ɗan'uwansa Axel suka warware wani tsohon rubutun sirri, suka shiga ta bakin dutse mai aman wuta na Snæfellsjökull a Iceland tare da jagoransu Hans. A ƙarƙashin ƙasa suka tarar da teku da dabbobin da suka shuɗe tun zamanin da, daga ƙarshe dutsen Stromboli na Italiya ya amayo su. Wannan littafi ya fi sauran kusa da almara, ko da yake ya ginu a kan muhawarar masana na lokacin game da zafin cikin ƙasa.

De la Terre à la Lune, daga ƙasa zuwa wata, ya biyo baya a 1865. Wata ƙungiyar masu ƙera igwa a Baltimore, waɗanda suka rasa abin yi bayan yaƙin basasar Amurka, suka haƙa igwa mai tsawon ƙafa 900 a Florida suka harba wani ƙaton harsashi na alminiyam da mutum uku a ciki. Ɗan'uwan Verne, Henri Garcet, malamin lissafi, ya taimaka masa da ƙididdiga, kuma gudun da littafin ya ba harsashin, kimanin kilomita 11 a daƙiƙa, ya yi daidai da wanda ake buƙata don kuɓucewa daga jan ƙasa. A ci gaban labarin, Autour de la Lune na 1870, matafiyan suka zagaya wata ba su sauka ba, suka faɗo cikin tekun Fasifik. Kumbon Apollo 8 na 1968 shi ma daga Florida ya tashi da mutum uku, ya zagaya wata, ya sauka a Fasifik. Sai dai dabarar igwa ba za ta yiwu ba, domin ƙarfin harbin zai murƙushe duk wanda ke ciki nan take.

Vingt mille lieues sous les mers ya fito tsakanin 1869 da 1870. Farfesa Aronnax da baransa Conseil da mafarautan kifi Ned Land suka faɗa hannun Kyaftin Nemo, mutumin da ya yanke hulɗa da duniya yake zaune a jirginsa Nautilus mai aiki da lantarki. Adadin 20,000 da ke cikin sunan littafin nisan tafiyar ne, ba zurfin teku ba: kowane ma'auni ɗaya kilomita 4 ne, jimla kilomita 80,000. Ba Verne ne ya ƙirƙiro jirgin ƙarƙashin teku ba. Robert Fulton ya gwada wani mai suna Nautilus a Faransa a 1800, kuma an nuna samfurin jirgin Plongeur na sojan ruwan Faransa a baje kolin Paris na 1867. Abin da Verne ya yi shi ne ya ɗauki na'urar da ba ta kai ko'ina ba tukuna, ya nuna yadda za ta kasance idan ta cika.

Le Tour du monde en quatre-vingts jours, zagaya duniya cikin kwana 80, ya fito kashi-kashi a jaridar Le Temps a 1872. Babu wata na'urar ƙage a cikinsa. Ya dogara ne a kan abubuwa uku da suka faru ba da jimawa ba: buɗe mashigin Suez da kammala layin dogo da ya ratsa Amurka a 1869, da haɗe layukan dogo na Indiya a 1870. Phileas Fogg ya yi caca da abokansa na Landan a kan fam 20,000, ya tashi da baransa Passepartout. Ya dawo yana zaton ya makara, ashe tafiyar da ya yi yana fuskantar gabas ta sa ya ci ribar kwana guda, domin kowane digiri ɗaya na faɗin duniya minti 4 ne, digiri 360 kuwa awa 24. Wannan shi ne littafinsa da ya fi kasuwa yana raye. Wasan kwaikwayon da ya fitar daga ciki tare da Adolphe d'Ennery a 1874, da na Michel Strogoff daga baya, su suka kawo masa dukiya fiye da littattafan kansu. A 1889 'yar jaridar Amurka Nellie Bly ta yada zango a Amiens ta gaishe shi a kan hanyarta ta zagaya duniya, tafiyar da ta kammala cikin kwana 72.

Hannun Hetzel a rubutunsa

Hetzel ba bugawa kawai yake yi ba, yana karanta kowane shafi yana neman a sauya. A labarin Kyaftin Hatteras, Verne ya so jarumin ya mutu a ƙurewar arewacin duniya, Hetzel ya sa aka bar shi da rai, ya dawo Ingila a haukace. Saɓani mafi girma shi ne a kan Nemo. Verne ya tsara shi a matsayin basaraken Poland da ke ɗaukar fansa a kan Rasha saboda kashe iyalinsa bayan tawayen 1863. Hetzel ya ƙi, don gudun ɓata wa Rasha rai, ga shi kuma ana sayen littattafansa a can. Verne bai yarda da wani dalilin da aka ba shi a madadi ba, sai ya bar asalin Nemo a rufe. Sai a L'Île mystérieuse na 1874 zuwa 1875 aka bayyana shi a matsayin Yarima Dakkar na Indiya, wanda ya rasa iyalinsa a tawayen 1857 da aka yi wa Turawan Ingila.

Akwai kuma littafin da Hetzel ya ƙi gaba ɗaya. A farkon shekarun 1860 Verne ya rubuta Paris au XXe siècle, labarin wani matashin mawaƙi a Paris ta 1960, birni mai motoci da fitilun lantarki da jiragen ƙasa na cikin gari, inda kuɗi da injuna suka danne adabi har matashin ya rasa abin ci. Hetzel ya ga labarin ya cika baƙin ciki kuma zai ɓata wa sabon marubucin suna. Rubutun ya zauna a akwatin ƙarfe na iyali har wani tattaɓa-kunnensa ya gano shi a 1989, aka buga shi a 1994. Fitowarsa ta nuna cewa shakkun Verne game da ci gaban fasaha ba da tsufa ya zo masa ba, tun farko yana tare da shi.

Amiens da tafiye-tafiye

A 1867 Verne da Paul suka shiga Great Eastern, jirgin ruwa mafi girma a zamanin, suka je New York da magangarar ruwa ta Niagara. Ya mallaki jiragen ruwa uku ɗaya bayan ɗaya, duka da sunan Saint-Michel. Na ukun, mai injin tururi, ya kai shi Lisbon da Aljeriya da Scotland da Italiya, inda ya gana da Fafaroma Leo na 13 a 1884. An ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a 1870. A lokacin yaƙin Faransa da Prussia ya yi aikin gadin gaɓar teku a Le Crotoy. A 1871, shekarar da mahaifinsa ya mutu, ya tare a Amiens, garin matarsa. Mutumin da ya yi suna da labarin balan-balan bai hau shi ba sai a 1873, na ƙasa da rabin awa.

Cibiyar Académie française ta karrama littattafansa a 1872, amma ba ta taɓa zaɓensa mamba ba, abin da ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa. A gida ma akwai damuwa. Michel ya tashi da taurin kai da cin bashi, har mahaifinsa ya kai shi gidan horon yara na Mettray, daga baya ya sa shi a jirgi zuwa Indiya. Michel ya auri wata 'yar wasan kwaikwayo ba da son mahaifinsa ba, ya rabu da ita ya auri wata. Sai da ya manyanta suka shirya.

Shekarun ƙarshe

Ranar 9 ga Maris, 1886, Verne yana dawowa gida, Gaston ɗan ƙanensa Paul, wanda yake fama da taɓin hankali, ya harbe shi da ƙaramar bindiga sau biyu. Harsashi ɗaya ya kuskure, ɗayan ya same shi a ƙafar hagu. Ba a iya cire shi ba, ya bar shi da ɗingishi har mutuwa. An kai Gaston asibitin masu taɓin hankali, a can ya ƙare rayuwarsa. Kwana takwas bayan harbin Hetzel ya mutu, mahaifiyar Verne kuma ta bi a 1887. A shekarar 1886 ɗin ya sayar da jirginsa, tafiye-tafiyen teku suka ƙare.

A 1888 aka zaɓe shi kansila a Amiens, ya riƙe kujerar kimanin shekara 15 yana kula da harkokin wasanni da al'adu. Shi ya tsaya aka gina babban zauren wasanni na birnin wanda aka buɗe a 1889, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa. A siyasa mai ra'ayin riƙau ne, kuma a rikicin shari'ar Dreyfus yana ɓangaren waɗanda suka ɗauki Dreyfus mai laifi.

Ya ci gaba da ba ɗan Hetzel, Louis-Jules, littattafai a kai a kai. A yawancin na wannan lokaci, masanin kimiyya ya koma abin tsoro. Face au drapeau na 1896 labarin mai ƙera wani mugun makami ne, har masanin sinadarai Eugène Turpin ya kai ƙara yana cewa da shi ake. Raymond Poincaré, wanda ya zama shugaban Faransa daga baya, shi ya kare Verne, suka yi nasara. A Maître du monde na 1904, Robur mai jirgin sama na littafin 1886 ya dawo yana neman mallake duniya.

Paul ya mutu a 1897. Yanar ido da ciwon suga suka raunana Verne, ya mutu a gidansa na Amiens ranar 24 ga Maris, 1905, yana da shekara 77. An binne shi a maƙabartar La Madeleine. Honorine ta mutu a 1910.

Littattafan bayan mutuwarsa da matsalar fassara

Michel ya fitar da wasu littattafai takwas a cikin jerin tsakanin 1905 da 1919 da sunan mahaifinsa. A ƙarshen shekarun 1970 wani mai bincike ɗan Italiya, Piero Gondolo della Riva, ya gwada su da rubutun asali ya gano cewa Michel ya sauya su sosai, ya ƙara babi-babi da mutane. Na ƙarshensu, labarin tawagar Barsac da ke faruwa a yankin kogin Neja, kusan duka Michel ne ya rubuta shi. Daga baya Ƙungiyar Jules Verne, wadda aka kafa a 1935, ta buga rubuce-rubucen yadda uban ya bar su.

Fassarorin Ingilishi na farko sun yi wa sunansa illa. Wadda Lewis Mercier ya yi wa labarin Nemo a 1872 ta zubar da fiye da kashi 20 cikin 100 na littafin, ta rikita lissafi, ta cire wuraren da suka taɓa siyasa. Wata fassarar tafiya zuwa tsakiyar ƙasa ta 1871 ta mai da Lidenbrock Hardwigg, Axel kuma Harry, ta ƙara abubuwan da babu su. Da yake haƙƙin mallakarsu ya ƙare, an ci gaba da buga su da araha, kuma har yau suna yawo a intanet. Masu karatu da yawa sun ɗora wa Verne kurakuran masu fassara. Daga 1965 Walter James Miller da wasu bayansa suka fara fitar da cikakkun fassarori.

Tasiri

Lokacin da Hugo Gernsback ya kafa Amazing Stories a Amurka a 1926, mujalla ta farko da ta keɓanta da ƙagaggun labaran kimiyya, ya sa labarin Verne a fitowar farko tare da na Wells da Edgar Allan Poe. An saba kwatanta Verne da Wells. Verne da kansa ya bayyana wa 'yan jarida bambancinsu: shi yana gini a kan kimiyyar da aka sani, Wells kuwa yana ƙago abin da babu, kamar sinadarin da ke kawar da jan ƙasa. Bai ɗauki kansa mai duba ba, kuma yawancin littattafansa na tafiya da kasada ne, ba na na'urori ba.

Magabatan ilimin roka, Konstantin Tsiolkovsky da Hermann Oberth da Robert Goddard, duk sun karanta shi suna matasa, haka ma Simon Lake mai ƙera jiragen ƙarƙashin teku. Georges Méliès ya ɗebo daga labarin wata a fim ɗinsa na 1902. Kamfanin Disney ya yi fim ɗin Nemo a 1954, fim ɗin Fogg na 1956 kuma ya ci kyautar Oscar. A Faransa, marubuta irin su Roland Barthes da Michel Butor sun yi nazarinsa a matsayin marubucin manya, kuma a 2012 aka shigar da shi jerin Pléiade na manyan marubuta.

Akwai gidan tarihinsa a Nantes, gidan da ya zauna a Amiens daga 1882 zuwa 1900 shi ma ya zama gidan tarihi. Jami'ar Picardie tana ɗauke da sunansa, haka ma wani rami a bayan wata, da kofin tseren zagaya duniya a jirgin ruwa mai filafilai, da kumbon dakon kaya na Turai da aka harba zuwa tashar sararin samaniya a 2008.

Wasu daga cikin littattafansa

Cinq semaines en ballon (1863)
Voyage au centre de la Terre (1864)
De la Terre à la Lune (1865)
Les Enfants du capitaine Grant (1867–1868)
Vingt mille lieues sous les mers (1869–1870)
Le Tour du monde en quatre-vingts jours (1872)
L'Île mystérieuse (1874–1875)
Michel Strogoff (1876)
Robur-le-Conquérant (1886)
Le Sphinx des glaces (1897)
Maître du monde (1904)
Paris au XXe siècle (1994)